Tambaya da Amsa: Zuwa Bikin Ingal da Ɗan Abin Hannu

TAMBAYA

 Sunana Auwalu, ina zaune a Kano. Sana'ata ɗaukar hoto a wuraren biki da suna, ina kuma ɗan taɓa zane. Na daɗe ina ganin hotunan bikin makiyaya da ake yi a Ingal ta jihar Agadas, raina yana son in je in gani da idona. Sai dai abin hannuna kaɗan ne, ga mahaifiyata da ƙannena duk ni suke kallo. Abokaina sun ce irin wannan tafiya ta Turawa ce da masu hali. Babban tsorona shi ne kuɗi su ƙare mini a wurin da ban san kowa ba. Shin mai ƙaramin ƙarfi kamata zai iya, ko in haƙura?

AMSA

Ɗana Auwalu, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Abu biyu na ji a wasiƙarka: kana tambaya ko aljihunka zai kai ka Ingal ya dawo da kai, kana kuma jin nauyin kashe kuɗi a kan kallo alhali akwai masu jiran tuwo daga hannunka.

Kwantar da hankalinka, za ka iya. Taron da Faransanci ke kira Cure Salée ba don baƙi aka ƙirƙire shi ba. Makiyaya ne, Abzinawa da Fulani Wodaabe, ke kora dabbobinsu arewa a ƙarshen damina zuwa filayen da ke kewaye da Ingal, inda ƙasa da ruwa da ciyawa ke da gishirin da ke gyara jikin raƙumi da saniya. In an haɗu sai a yi zumunci, a ƙulla aure, a yi ciniki, a sasanta rigingimu. Daga baya gwamnatin Nijar ta shigo ta ware kwanaki kamar uku na hukuma, galibi a tsakiyar Satumba. Mafi yawan mutanen da za ka tarar a can, kuɗin da ke aljihunsu bai kai naka ba. Kiɗan tande da mata ke yi a kan turmi, da raƙuman da ke zagaya su cikin ado, da layin samarin Wodaabe da suka sha kwalliya suna rawa suna ƙwalalo ido, duk a fili ake yin su, kowa ya tsaya ya kalla.

Abin da abokanka suka gani shi ne tsadar tafiyar Bature: jirgi, motar shiga rairayi ta haya da direbanta, jagora, mai dafa abinci, masu rakiya. Kai kuwa kana da abin da shi yake biya a yi masa, wato harshe. Daga Kano har Agadas da Hausa za ka yi ciniki, ka nemi hanya, ka nemi masauki. Ko a Ingal, inda mutanen gari ke da harshensu na Tasawak, Hausa tana ci a kasuwa.

Tsoron da kake ji kuma, kada ka raina shi, don shi ne zai tsare ka. Ƙarewar guzuri a Zariya ko Katsina abu ne mai sauƙi, waya ɗaya ta isa. A bakin hamada kuwa layin waya yana iya ɗaukewa, katin bankinka na gida ba lallai ya yi maka aiki ba, motar da ka dogara da ita tana iya cika ta bar ka. Don haka kuɗin da za ka fara warewa, kafin na abinci, kafin na tsaraba, su ne kuɗin komowa. Ka lissafa abin da zai ɗauke ka daga Ingal zuwa ƙofar gidanku, ka ƙara rabinsa a kai, ka naɗe a leda, ka ɗinke a cikin lalitar da ke manne da jikinka. Waɗannan kuɗi ka ɗauka ba naka ba ne sai ranar juyowa. Ko ka ga sirdin raƙumin da ya fi kowanne kyau, ko abokin tafiya ya ce ka ranta masa zuwa gobe, ba a kwance wannan ƙulli.

Batun mahaifiyarka, ina ganin gaskiya ce mafita. Zauna ka gaya mata inda za ka, da kwanakin da za ka yi, da dalilinka. Ka bar mata cefanen kwanakin nan a hannu kafin ka ɗaga ƙafa, ka sa shi cikin lissafin tafiya tun farko. In lissafi bai kai ga haka ba, to bana ba shekararka ba ce, ka bari sai baɗi. Kada kuma ka ci bashi don wannan tafiya, kada ka sayar da kayan sana'arka. Kai mai hoto ne, tafiyar tana iya buɗe maka ido har ta ƙara wa aikinka daraja, amma kada ka sa a lissafi cewa hotunan za su biya ka. In sun biya, alhamdu lillahi.

Yanzu ga inda kuɗin ke tafiya. Hanya ce ke cin kaso mafi girma. Daga Kano zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, daga Damagaram ka bi ta Tanut da Adarbisanat zuwa Agadas kusan 450, sannan Ingal tana yamma da Agadas da kamar kilomita 160. Mutanen Sakkwato sukan bi ta Illela da Ƙonni da Tawa da Abalak. A cikin Nijar akwai manyan motocin safa na kamfanoni irin su Rimbo da STM, masu tikiti da farashi tsayayye. Na fi son ka shiga irinsu ko da ka ga ƙaramar mota mai rahusa a tasha, saboda wasu sassan hanyar sun lalace, kuma motar da ta mutu a daji za ta ci maka abin da ka rage har da ƙari. Farashi yana sauyawa, don haka ka sami direba ko ɗan kasuwa mai bin hanyar ya faɗa maka na wannan watan, ka rubuta.

Ka ƙidaya kwanakin hanya da hannu sake. Lokacin bikin ƙarshen damina ne, ruwa ɗaya in ya sauka a duwatsun Abzin korama tana iya tare hanya a wuni ana jira. Ka sa kuɗin kwana biyu na jinkiri a lissafi. Kada kuma ka biya kuɗin mota sai hukuma ta bayyana ranar bikin, domin ranar tana motsawa daga shekara zuwa shekara.

Takardu ma kuɗi ne, amma rashinsu ya fi tsada. Ka nemi fasfo da katin rigakafin shawara tun da sauran watanni, lokacin da ba sai ka biya kuɗin gaggawa ba. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ka bincika ƙa'idar shiga ta lokacin da za ka tashi, kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da suka wuce. Akwai kuma abin da ya kamata ka sani: Agadas mashigar masu ƙetara hamada zuwa Libiya da Aljeriya ce, saurayi ɗan Najeriya da ya doshi arewa da jaka a kafaɗa za a tambaye shi a shingaye. Amsar da ta fi sauƙi ita ce sunan mai masaukinka da lambar wayarsa.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ka ba wa lokaci: neman mai masauki. Kano da Agadas sun yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki, tun zamanin ayarin gishiri da baƙin rini na Kura da Abzinawa ke naɗawa. Har gobe akwai mutanen Agadas a kasuwannin Kano, akwai maƙeran azurfa, akwai masu gadi, akwai direbobi. Ka kusanci ɗaya cikin mutunci, ka gaya masa niyyarka, ka roƙi ya haɗa ka da ɗan'uwansa. A lokacin biki ɗakin haya a ƙaramin gari kamar Ingal yana wuya kuma yana tsada, amma wanda aka aiko shi ba ya rasa gefen rumfa ko tsakar gida da zai shimfiɗa tabarma. Kada ka je masa hannu rabbana. Ganyen shayi da sukari su ne gaisuwar da ake girmamawa a wannan ƙasa, ka ƙara da turmin atamfa ga uwargida in da hali. In an dafa shayi an miƙo maka ƙaramin kofi, ka zauna ka sha har zagaye na uku, kada ka yi gaggawar tashi. A wannan zaman ne za a gaya maka inda za a yi rawa gobe da motar da za ta koma Agadas jibi.

In ka sami abokan tafiya biyu ko uku masu hankali, ya fi. Tukunya ɗaya, jarka ɗaya, kuɗin mota a raba. Amma ku yi magana a fili tun a gida kan abin da kowa zai zuba, ku naɗa mutum ɗaya mai riƙe asusu yana rubutawa. Kunya a kan kuɗi ita ke raba abokai a hanya.

Game da tari, ga dabara. Sefa, kuɗin Nijar, tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa ka ga yadda ta yi tun 2023. In ka shiga adashi ko kana ajiye wani abu bayan kowane aikin biki, to duk wata ka je kasuwar canji ta Wapa ka canza ɗan abin da ya taru zuwa sefa, ka adana. Ka tsira daga faɗuwar naira, ka kuma tsira daga kanka, tunda ba a sayen tsire da sefa a Kano. Ka nemi ƙananan takardu da silalla, don mai shayi a Ingal ba zai sami canjin sefa dubu goma ba. Ka kuma koyi ƙidayar kasuwar Nijar kafin ka isa: da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tuwo ta ce ɗari, sefa 500 take nufi, in ta ce hamsin 250, jika kuwa 1,000. Baƙi da yawa sun yi asara ko sun yi rigimar banza a kan wannan. In ta ɓaci, akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza a garuruwan Nijar. Ka shirya da wani amintacce a Maraɗi ko Damagaram wanda zai iya tura maka, ka sayi layin wayar Nijar da zarar ka ƙetara.

Abinci ba zai wahalar da kai ba. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dakakken yaji, ɗan kilishi, ka ɗauko daga gida inda suke da araha. A can ka sayi abinci mai zafi sau ɗaya a rana, ka ɗanɗana cuku da dabinon Ingal, wanda ya yi suna a ƙasar.

Wurare uku ne ban yarda ka yi tsimi ba. Na farko ruwa. Rana a can ba ta wasa, ka lissafa lita huɗu zuwa biyar na sha kowace rana, ka tanadi jarka mai murfi, ruwan rijiya kuma a tafasa shi, don wurin da dubban dabbobi suka taru ciwon ciki ba ya nisa. Na biyu magani: gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta maka, da ƙunshin garin gishiri da sukari na gudawa. Mutane suna zaton babu sauro a hamada, alhali a Satumba tabkuna cike suke. Na uku tsaro. Arewacin Nijar yana da 'yan fashi da masu satar mutane a wasu hanyoyi. Ba a tafiyar dare, ba a ratse hanya don gajerta, in hukuma ta ce a jira rakiya a jira. In mai masaukinka ya ce bana kada ka zo, ka ji maganarsa ko da ka gama shiri, sefarka ba za ta ruɓe ba.

Akwai jarabar da ke kama masu hoto musamman. Bayan an watse daga Ingal za ka ji ana cewa Wodaabe za su yi babban bikinsu na Gerewol a wani wuri cikin daji. Gaskiya ne sukan yi, amma wurin ba tsayayye ba ne, kuma isa can sai da motar haya da jagora, abin da zai iya cinye ninkin duk kuɗin tafiyarka. A zuwan farko ka bar shi. Abin da ke Ingal ya ishi ido da kyamara.

Hoton kansa ka sa masa ɗan kaso. Ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, musamman ga mata, wasu za su nemi ɗan alheri, kuma hakkinsu ne, tunda awanni suka ɓata suna ado. Ka nuna wa mutum hotonsa a bayan kyamara, ka ga yadda fuska ke sakewa. Kada ka ɗauki soja ko shingen bincike ko da wasa. Ka zo da batir na ƙari da ɗan faifan sola, ka kuma naɗe kyamara a ƙyalle cikin leda, don ƙurar da raƙuma ke tayarwa in ta shiga madubi gyaranta ya fi kuɗin mota.

Tsaraba sai ranar ƙarshe, da abin da ya rage bayan an cire ƙullin komowa. Masu azurfa da masu fata sukan sassauta in taro ya fara watsewa. Ka yi tayi cikin ladabi, amma kai ma mai aikin hannu ne, kada ka matse maƙeri har ya sayar da asara. In ka biyo ta Agadas da sauran wuni guda, ka je ka ga hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27 a tsohon garin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Abin da za ka fara a wannan watan shi ne fasfo da neman mutumin Agadas. In ka sami farashin mota na yanzu, ka sake rubuto mini mu duba lissafin tare. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da kyau.