Gyaran Jami'o'in Nijeriya Bisa Ma'aunin Duniya: Ribarsa da Wahalarsa

Mudun wata kasuwa ba lalle ne ya zo daidai da na wata ba, shi ya sa fatake in za su yi ciniki mai nisa sukan koma ga sikeli, wanda kowa ya yarda da shi. Haka sha'anin digiri yake. Yaron da ya gama jami'a a Maiduguri ko Kalaba, in ya nemi aiki ko ƙarin karatu a Ingila ko Masar, abin da za a fara tambaya shi ne da wane awo aka auna ilminsa. Daidaita jami'o'i da ma'aunin duniya, watau a tsara darussa, da yawan malamai, da kayan aiki, da hanyar jarrabawa, yadda wasu ƙasashe za su karɓi takardar shaidar ba da gardama ba. Ya kamata jama'a, musamman iyaye, su san abin da wannan gyara yake kawowa da kuma abin da yake ci.

Mafarin al'amarin

Tun ran da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun cikin 1948 da ɗalibai 104, da ma'aunin waje aka fara. Kwalejin tana ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan, digirin Landan ɗalibanta suke karɓa, har zuwa 1962 da ta tsaya da ƙafarta. Landan ba ta sassauta ba ko kaɗan. Alal misali, ta ƙi yarda a koyar da aikin likita a asibitin da ke garin, domin bai kai matsayin da take so ba, sai da aka riƙa tura ɗalibai Ingila su ƙarasa. Wannan tsanani yana cikin abin da ya sa aka gina babban Asibitin Koyarwa na Badun, aka buɗe shi cikin 1957. Ga riba ke nan, wadda har yau ake cin gajiyarta.

Amma kuma ƙofar ta yi ƙunci. Lokacin da aka sami 'yancin kai cikin 1960, ɗaliban kwalejin duka ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, a ƙasa mai miliyoyin mutane. Ana koyar da Latin da Girkanci, alhali babu sashen shari'a. Tarihin Afirka kansa sai da malamai irin su Kenneth Dike suka dage kafin ya sami gindin zama. Saboda irin wannan ne, da aka kafa Jami'ar Nsukka cikin 1960, aka juya ga Amurka, aka nemi taimakon Jami'ar Jihar Mishigan, wadda ta fi karkata ga noma da sana'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ikko da ta Ife suka biyo baya cikin 1962.

Awo na gida

Da jami'o'i suka yi yawa, musamman bayan ƙarin guda bakwai cikin 1975, sai ya zama tilas ƙasa ta sami awo nata na kanta. An kafa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, tun 1962, amma a lokacin shawara kaɗai take bayarwa. Dokar 1974 ta ba ta iko, sa'an nan Doka ta 16 ta 1985 ta ɗora mata aikin tsayar da mafi ƙarancin matsayin da kowane kwas zai kai. Kundin farko ya fito cikin 1989, aka sabunta shi cikin 2007. Cikin Disamba 2022 aka ƙaddamar da na uku, wanda ake kira CCMAS, mai fannoni 17. A cikinsa Hukuma ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussan, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta.

Ribar wannan a fili take. Ɗalibi zai iya sauya jami'a ba tare da ya koma farko ba. Mai ɗaukar ma'aikata ya san abin da ke bayan takardar da aka miƙa masa, ko daga Sakkwato ta fito ko daga Fatakwal. Ga masu sana'ar injiniya kuwa, hukumarsu ta COREN ta sami shiga Yarjejeniyar Washintan a matsayin wucin gadi cikin 2023, yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla tun 1989 domin su riƙa amincewa da digirin injiniya na juna. In aka kai ga cikakken matsayi, injiniyan da ya yi karatu a gida ba zai sha wahalar da na gabansa suka sha ba wajen neman karɓuwa a waje.

Inda gizo ke saƙar

Rubuta ƙa'ida ba ya cin kuɗi mai yawa. Cika ta shi ne aiki. Hukuma ta ce a sashen likita malami ɗaya ga ɗalibai 10, a injiniya 15, a kimiyya 20, a fannin adabi da zamantakewa 30. Amma kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa ya binciki bukatun jami'o'in gwamnati cikin 2012, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ya tarar kashi 43 cikin ɗari kaɗai na malamai ke da digirin dakta, ga ɗakunan karatu a cushe, ga ɗakunan gwaje-gwaje babu kaya. Inda ƙa'ida ta fi ƙarfin aljihu, dabara ce ke shigowa. An daɗe ana kuka da cewa wasu sassa kan aro malamai da na'urori daga makwabta ana jibi masu bincike za su zo, in sun tafi a mayar wa masu su. Sashe ya ci jarrabawa a takarda, ɗalibi kuwa ya fita bai taɓa riƙe na'urar da aka rubuta ya ƙware a kanta ba. Wannan ya fi rashin awon muni, domin ya ruɗi iyaye, ya ruɗi gwamnati.

Neman kuɗin daga waje ma an gwada. Cikin 1990 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 120 ga jami'o'in tarayya, bisa sharaɗin a rage ma'aikata a kuma soke kwasa-kwasan da ba su da ɗalibai da yawa. Malamai da ɗalibai suka yi adawa da shi ƙwarai. Abin da ya fi ɗorewa daga gida ya fito: harajin ilmi na 1993, wanda aka fara da kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni, ya zama asusun TETFund cikin 2011. Da wuya a shiga jami'ar gwamnati ba a ga gini mai ɗauke da sunansa ba. Duk da haka, yajin aikin malamai na 2022 ya rufe jami'o'i wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma babu wata ƙasa da za ta ga digirin shekara huɗu ya ɗauki shida ta ce an cika ma'auni.

Akwai kuma wata asara da ribar kanta ke haifarwa. Takardar da ta karɓu a ko'ina, mai ita ma ya karɓu a ko'ina. Tun shekarun 1980 likitoci da malaman jami'a suke tafiya Saudiyya da Ingila da Amurka, bayan da kuɗin talakawa ya koyar da su. Rage darajar takardar don a tsare su ba magani ba ne, sai dai duk mai goyon bayan gyaran ya san cewa albashi da kayan aiki dole su biyo shi a baya, in ba haka ba gonar wani ake nome wa.

Sa'an nan ga tambayar wane ne ke riƙe da sikelin. Jerin gwanayen jami'o'i da ake bugawa kowace shekara a Turai yana ba da babban maki ga binciken da ya fito a manyan mujallun waje, galibinsu da Turanci. Malamin da ya ƙare ƙarfinsa kan nahawun Barbarci, ko rubuce-rubucen ajami, ko irin gero mai jure fari da manoman Yobe ke bukata, yana iya yin aikin da ya fi amfanar ƙasa amma makinsa ya zo ƙasa. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta ta da irin wannan magana a cikin gida cikin 2023, ta ce kashi 70 da Hukuma ta riƙe ya tauye ikon majalisar malamai ta kowace jami'a, wadda ita doka ta ba hurumin tsara karatu. Hukuma kuwa tana ganin kashi 30 ya isa kowa ya nuna bajintarsa. Yadda jami'o'i za su yi amfani da wannan kaso shi zai raba gardamar.

Abin da ya rage ga iyaye

Hukuma kan auna kowane kwas dabam, ba jami'a a dunƙule ba. Wanda ya sami cikakkiyar amincewa yana da shekara biyar kafin a sake dubawa. Wanda aka ba ta wucin gadi yana da shekara biyu ya gyara. Wanda aka hana, ba shi da izinin ɗaukar sababbin ɗalibai. Saboda haka kafin a cika takardar JAMB, lalle ne uba ko mariƙin yaro ya binciki matsayin ainihin kwas ɗin a jerin da Hukuma ke wallafawa a shafinta na intanet, kada sunan jami'a ya ruɗe shi. In likita ne ko injiniya ko shari'a, a ƙara da tambayar ko hukumar wannan sana'a ita ma ta amince da sashen, domin ita ce za ta ba yaron lasisin aiki in ya gama.