Hayaƙin Itace da Mai Ciwon Asma

Malama Hauwa daga Gumel ta aiko tana tambaya: me ya sa da ta hura wutar girki sai ɗanta mai asma ya kama tari da atishawa?

To Malama Hauwa, mun gode, Allah ya ba yaro lafiya. Hayaƙin itace yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushin toka waɗanda ido ba ya gani. Ɓurɓushin nan suna wuce hanci, su sauka cikin huhu. Mai asma kuwa hanyoyin numfashinsa ba sa jure komai. Da hayaƙi ya taɓa su sai su kumbura, su matse, majina ta taru, ki ji ƙirjinsa yana fito. Lokacin hunturu ya fi tsanani, domin ga ƙura ga sanyi.

Ki nemi busasshen itace, ɗanye ya fi hayaƙi. Ki yi girki a fili, yaron yana nesa. Don Allah kada a kunna wuta da leda, kada kuma a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki. Maganinsa na shaƙa ya kasance kusa. Idan numfashi ya gagara har magana ta yi masa wuya, a garzaya asibiti nan take.