DARASIN KIWON LAFIYA: Jinyar Babban Mutum a Asibiti, Da Me Ake Farawa?

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin maza ko na mata a Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ya san ba a kwantar da mutum shi kaɗai. Kusa da kowane gado akwai ɗan'uwa, ko mata, ko ɗa, da tabarmarsa da butarsa da kwanon abinci. Shi muke kira mai jinya. Marasa lafiya suna da yawa, ma'aikatan jinya kuwa kaɗan ne, musamman da dare. Saboda haka sau da yawa mai jinya ne yake fara ganin sauyi a jikin marar lafiya, kafin nas ta zagayo.

Yawancinmu idan aka ce jinya, abin da ke fara zuwa mana a rai shi ne abinci: ya ci ko bai ci ba? Amma waɗanda suka yi karatun aikin, kamar ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Jinya ta Katsina da ta Ungozoma da ke Malumfashi, ba da abinci aka koya musu su fara ba. Suna da tsari. Abin da zai iya kashe mutum cikin mintoci shi ake fara dubawa, sannan abin da zai iya kashe shi cikin awoyi, sannan abin da zai cutar da shi cikin kwanaki. Wannan tsari shi ne darasinmu na wannan wata.

Na Farko: Numfashi

Mutum yakan yi kwanaki bai ci abinci ba, amma ba ya yin minti biyar ba numfashi ba tare da ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa ba. Babban mutum mai lafiya, idan yana hutawa, yakan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Ka dubi ƙirjinsa, ka ƙidaya da agogo. Idan ya haura 25, ko yana haki har ba ya iya ƙarasa magana, ko leɓunansa sun canza launi, ka kira nas nan take.

Mai ciwon zuciya da ƙafafunsa suka kumbura, da mai ciwon haƙarƙari, da mai asma, duk sun fi samun sauƙi a zaune. A jingina su da matasai, kada a shimfiɗe su. Idan an sa wa mutum iskar oksijin, kada a cire masa don ya yi magana da baƙi, kuma kada a kunna taba ko ashana kusa da shi.

Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa, a kwantar da shi ta gefe, ba rigingine ba, don kada amai ko yawu su shaƙe shi. A yi masa addu'a, a yi masa tofi, amma kada a ɗura masa kome a baki, ko ruwa, ko kunu, ko rubutu. Abin da aka ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya, huhunsa yake tafiya.

Manoman auduga da masara da masu noman rani su lura da maganin feshi. Wanda gubarsa ta shiga jikinsa yakan yi ta dalalar da yawu, da gumi, da amai, numfashi ya yi masa wuya. A tuɓe masa tufafin da ya yi feshi da su, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar maganin. Kada a ba shi manja ko madara, kada kuma a sa shi amai da gangan.

Na Biyu: Jini da Ruwan Jiki

Zuciyar babban mutum takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Idan bugun ya yi sauri kuma ba ƙarfi, jiki ya yi sanyi da gumi, mutum yana jin jiri in ya tashi, to jini ko ruwa yana ƙarewa a jikinsa. Ka duba bandeji, ka kuma duba ƙarƙashin marar lafiya, domin jini yakan gangara ya taru a zanen gado ba a sani ba. Kashi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko aman jini, alama ce gyambon ciki yana zubar da jini.

Amai da gudawa suna iya tsotse babban mutum cikin awoyi kaɗan. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jihar Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Idan marar lafiya yana iya sha, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ba ƙaƙƙautawa. Ana zuba ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu ƙunshin, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, kuma kada a yi wa cokalin tozo.

Idan an sa ƙarin ruwa, nas ce ta san yawan ɗigon da ya dace. Kada ka ƙara masa gudu don ya ƙare da wuri. Ruwan da ya shiga da sauri yana iya cika huhun tsoho ko mai ciwon zuciya. Aikinka shi ne ka faɗa idan ya kusa ƙarewa, ko ya tsaya, ko wurin allurar ya kumbura. Ka kuma lura da fitsari. Wanda ya yi awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba, a gaya wa nas. Idan an sa masa roba, jakar ta kasance ƙasa da gado, kuma kada a zubar sai an auna.

Saran maciji ma a nan yake shiga. A shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Liverpool ta Ingila sun yi aiki a ƙasar Malumfashi, sun tabbatar cewa saran maciji babbar matsala ce ga manoma da makiyaya. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, shi ya sa dasashi da tsohon rauni suke zubar da jini. Kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya, kada a tsotsa. A hana ƙafar ko hannun motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti. A can za a ɗebi jininsa a kwalba a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, ana bukatar allurar kashe dafi.

Na Uku: Hayyaci

Mai jinya ya fi kowa sanin halin ɗan'uwansa. Idan ya fara sambatu, ko ya daina gane mutane, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, wannan ba gajiya ba ce. A faɗa.

Idan baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta harɗe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kuma hawan jini ne babban mai jawo ta. Ka riƙe lokacin da abin ya fara, domin likita zai tambaya. Kada a ba shi abinci sai an gwada haɗiyarsa.

Mai ciwon sukari da ya sha magani ko aka yi masa allura bai ci abinci ba, sukarinsa yana iya faɗuwa. Zai kama rawar jiki da gumi da ruɗewa. In yana iya haɗiya, a dama ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa a ba shi, sannan a kira nas.

Zazzaɓi mai zafi tare da ruɗewa yana iya zama zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. In kuma wuya ya sandare, musamman da bazara, a yi zargin sanƙarau, cutar da ta kashe mutane fiye da 11,000 a ƙasar nan a annobar 1996. Wanda ya kama jijjiga, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. A kawar da abin da zai ji masa rauni, in ya lafa a juya shi ta gefe.

Na Huɗu: Wanda Za a Yi wa Tiyata

Gwaiwa, da afendis, da hujewar hanji sakamakon taifod, da karaya, suna cikin abubuwan da suka fi kai manya ɗakin tiyata. Mai gwaiwa ya fi kyau ya je a yi masa aiki da rani, yana da ƙarfinsa. Idan ta fito ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, hanji ya maƙale ke nan, ba a jiran gari ya waye. Aikin da ya fi ƙarfin asibitinmu akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Katsina, kuma jinkirin tafiya yana ƙara haɗari.

Kafin tiyata akan hana abinci na aƙalla awa shida. Ba mugunta ba ce. Idan an sa mutum barci da abinci a cikinsa, yana iya yin amai ya shiga huhunsa. Tausayin da zai sa ka ba shi koko a ɓoye yana iya zama ajalinsa. In har ya ci, a faɗi gaskiya. A kuma gaya wa likita duk abin da yake sha, har jiƙo da sassaƙe. Idan an nemi jini, 'yan'uwa masu lafiya su bayar. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki yana mayar da shi.

Bayan tiyata kada a ba shi ko ruwa sai an ba da izini. In an ce ya tashi ya taka, a taimaka masa ya taka ko da yana jin zafi, domin doguwar kwanciya tana sa jini ya dunƙule a jijiyar ƙafa, majina kuma ta taru a ƙirji. Idan zai yi tari, ya dafe ɗinkin da matashi. Kada a buɗe bandeji don a nuna wa masu dubiya, kada a barbaɗa kome a kai. Zazzaɓi, ko kumburin ciki, ko ruwa mai wari daga ɗinki, duk a faɗa da wuri.

Na Biyar: Tsabta da Juyawa

Wanda ba ya iya motsi da kansa, nauyin jikinsa yana danne fata har ta mutu ta zama gyambo, musamman a ƙugu, da gindin baya, da diddige, da kafaɗa. Gyambon yakan fara da wurin da ya canza launi ko ya yi zafi, amma warkewarsa sai an yi watanni. Maganinsa a juya marar lafiya duk bayan awa biyu, dare da rana, a kuma tabbatar zanen gado a bushe yake, ba ƙudundune ba. Rigakafi ya fi magani.

Florence Nightingale, Baturiyar Ingila da ta jagoranci masu jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya daga 1854, ta nuna cewa cututtukan ƙazanta sun fi raunin yaƙi kashe sojojin. Saboda haka ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa marar lafiya ko abincinsa, da bayan ka zubar da fo. A goge masa jiki kullum, a wanke masa baki. Mai ciwon sukari a duba ƙafafunsa har tsakanin yatsu, kuma kada a kara su kusa da garwashi, don ba ya jin ƙuna sosai.

Na Shida: Magani, Abinci da Sallama

Sai yanzu muka zo kan abinci. A tambayi nas abin da ya dace. Mai hawan jini a rage masa gishiri da dunƙule da kanwa. Mai ciwon sukari ya ci a kan lokaci, a guji lemon kwalba da fura mai sukari. Kada a haɗa maganin asibiti da na gida ba da sanin likita ba.

Mai jinya ya ajiye ɗan littafi da biro, ya riƙa rubuta lokacin shan magani, da sau nawa aka yi amai ko fitsari. Wannan yana taimakon likita ƙwarai in ya zo zagaye. Masu dubiya kuma su shiga bibbiyu, su gaisa, su yi addu'a, su fito. Hutu ma magani ne.

Ranar sallama a yi tambaya uku: yaya za a sha magani, yaushe za a dawo, wace alama ce za ta sa a dawo da gaggawa? Maganin hawan jini da na sukari ba a daina su don an ji sauƙi. Na tarin fuka wata shida ake sha, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wanda aka yi wa aikin gwaiwa kada ya ɗauki buhu ko ya kama garma sai likita ya yarda.

A taƙaice, a riƙe jerin nan: numfashi, jini da ruwa, hayyaci, dokokin tiyata, tsabta, sannan magani da abinci. In ka ga abin da ya ba ka tsoro, kada kunya ta hana ka kiran nas. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.

Tambayoyi Don Tattaunawa a Aji

1. Sau nawa babban mutum mai lafiya yake numfashi a minti ɗaya?
2. Me ya sa ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa?
3. Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida?
4. Kawo abubuwa uku da ba a yi wa wanda maciji ya sara.
5. Bayan awa nawa ake juya wanda ba ya iya motsi, kuma don me?
6. Rubuta tambayoyi uku da za ka yi ranar sallama.