Wuridi ba magani ba ne, ko da yake jiki na amfana da shi

 

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin samarin zawiyoyi, daga Gidan Rumji da Tsibiri har Agiye da Gazawa, musamman 'yan makaranta masu dawowa hutu daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Sun ga bidiyon yoga a salula, mutum ya harɗe ƙafa ya rufe ido yana jan numfashi, sai su ce: ai wannan wuridinmu ne, mu ma muna da tamu yogar. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, don kare ɗariƙa, amma maganar na buƙatar gyara.

Yoga daga Indiya ta fito, tushenta cikin addinan can yake. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata 21 ga Yuni. Abu uku ta ƙunsa: miƙe gaɓoɓi, sarrafa numfashi, da tattara tunani wuri guda. Manomin gero ko aya da ya wuni a gona bayansa na ciwo, in ya miƙe jiki ya ja numfashi a hankali, babu laifi a kansa. Inda ake tsayawa shi ne kalmomin bauta da ake maimaitawa da jerin motsin da ake kira gaida rana. Saboda irin waɗannan majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yoga a 2008.

Su samarin ba su rasa hujja ba. A 2001 likita Luciano Bernardi da abokan aikinsa a Italiya sun auna masu jan carbin Kiristoci da masu maimaita kalmomin yoga, suka ga numfashinsu ya sauko wajen sau 6 a minti, alhali baligi a zaune yakan yi 12 zuwa 20, bugun zuciya kuma ya daidaitu da numfashin. Ba zikiri suka auna ba. Amma duk wanda ya zauna da'irar zikirin Juma'a bayan La'asar ya san yadda hailala ke ɗaukar numfashin jama'a ta mai da shi ɗaya. Dubi lazimi kuma: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, da tsarki, ana fuskantar alƙibla, ba a magana da kowa. Jiki dole ya samu rabonsa a zama irin wannan. Sai dai wanda ke fizgar carbi don ya gama kafin shayi ya huce, ba shi da natsuwar zuciya, ba shi da ta ƙirji.

Bambancin yana wurin niyya. Mai yoga don ciwon baya, in bayan ya warke yana iya bari, ba wanda zai tuhume shi. Muridi kuwa alkawari ya ɗauka a hannun muƙaddami cewa zai riƙe wuridi har mutuwa, ko ya ji daɗi ko bai ji ba. Ranar da ya fara auna laziminsa da barci mai daɗi ko saukar hawan jini, ya mai da Wanda ake ambato hanya, lafiyarsa ta zama abin nema. Irin wannan muridi, in ya yi wata biyu bai ga canji a jikinsa ba, shi ne zai fara sakaci da wazifa. Natsuwar da aya ta 28 ta Suratur Ra'adi ta ambata ta zuciya ce, kuma ana samunta wurin bayin Allah da ke kwance cikin jinya.

Akwai haɗari na biyu, wanda ya fi kusa da tsofaffinmu. In yaro mai karatu ya ce wa baba Turawa sun tabbatar zikiri na maganin hawan jini, baba na iya ajiye ƙwayoyinsa, ga shi dama kuɗinsu da na mota zuwa likita suna yi masa nauyi. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama sai ya kada mutum, ɓarin jiki ya shanye. Annabi (S.A.W.) ya yi umarni da neman magani, shi ma ya nema.

Fiƙihun ɗariƙa ma ya raba abubuwan nan biyu. Marar lafiyar da ciwo ya yi wa tsanani an ba shi zaɓi a lazimi, in ya iya ya yi, in ya kasa ba ramuwa a kansa. Da magani ne, da shi za a fara wajabta wa.