Kafin ka kafa akwatin wasiƙu a ƙofar gidanka a Amurka

'Yan uwa da Allah ya hore wa sayen gida a Amurka, musamman a unguwannin wajen gari, wannan magana taku ce. Aikina rabon wasiƙu ne da mota, kuma ba ƙaramin damuna yake yi ba in ga mutum ya kashe kuɗinsa da guminsa ya kafa akwati, sannan a bar masa takarda cewa sai ya tumɓuke. A can ƙasashenmu mun saba da hayar akwati a gidan waya, ka je da makullinka ka buɗe. A nan kai za ka sayi akwatin, amma inda zai tsaya da tsayinsa ba kai kaɗai ke yankewa ba.

Motar da muke aiki da ita sitiyarinta a dama yake. Ina tsayawa, in miƙa hannu ta taga, in buɗe murfi, in zura wasiƙa, in rufe, in wuce, ba tare da na sauka ba, haka har ɗaruruwan gidaje a yini. Daga wannan miƙa hannun aka fitar da ma'aunin hukumar gidan waya ta Amurka, wato USPS. Daga fuskar titi zuwa gindin akwatin, ko bakin da wasiƙa ke shiga, inci 41 zuwa 45. Daga ɗan tudun simintin bakin titi zuwa ƙofar akwatin, inci 6 zuwa 8. Ku lura, daga kwalta ake auna tsayi, ba daga ciyawar gidanka ba. Nan mutane da yawa ke zamewa. In ya yi ƙasa, sai na rataya rabin jikina a taga. In ya leƙo titi, madubin wata mota zai kwashe shi. Titin da ba shi da wannan tudun kuwa, shugaban gidan waya na yankinku ne zai nuna maka wuri. Akwatin yana zama ne a hannun daman motar rabo yadda take bi, don haka kada ka yi mamaki in an ce naka ya tsallaka titi. Ka rubuta lambar gida da haruffan da ba su gaza inci ɗaya ba, kuma ka duba tambarin amincewar babban shugaban gidan waya na ƙasa a jikin akwatin kafin ka biya kuɗi.

Inda na fi so ku saurare ni shi ne turke. Mu mutane ne masu son abu mai ƙwari, kuma na ga wanda ya gina wa akwatinsa hasumiyar jan bulo, na ga wanda ya cika ƙaton bututun ƙarfe da kankare don kada yara su ture. Niyya mai kyau ce, amma abin da ke bakin titi ana so ne ya karye ko ya kwanta in mota ta buge shi. Shawarar hukumar manyan hanyoyi ta tarayya ita ce katako mai inci 4 a kowane gefe, ko bututun ƙarfe ko na alminiyom mai faɗin inci 2, a binne shi bai wuce zurfin inci 24 ba. Direban da santsin ƙanƙara ya kwasa da dare, in ya haɗu da katako, fitila zai fasa. In ya haɗu da kankare, rai ake magana, kuma wataƙila ɗan maƙwabcinka ne a ciki. Saboda haka ne wasu hukumomin hanya ke hana ginin bulo a bakin titunansu, kuma wannan tsirin ƙasar na bakin titi, ko da kai ke yanke ciyawarsa, galibi yana cikin haƙƙin hanya.

Kafin shebur ya taɓa ƙasa, kira 811. Kyauta ne, amma ana kira ne 'yan kwanaki kafin ranar aiki. Ma'aikata za su zo su yi wa wayoyi da bututun da ke ƙarƙashin ƙasa alama da fenti ko ƙananan tutoci: ja wutar lantarki, rawaya gas, shuɗi ruwan sha, ruwan lemo wayoyin sadarwa. Ramin ƙafa biyu ya isa ya tsinke intanet ɗin layinku, ko ya taɓa abin da ya fi haka haɗari.

Ƙofa uku za ka ƙwanƙwasa: gidan waya na yankinku, ofishin birni ko gunduma mai kula da titin, da ƙungiyar masu gidajen unguwa, wato HOA, in kuna da ita, don wasunsu har launi da fasalin akwati suke ƙayyadewa. A sababbin rukunin gidaje da yawa ma ba a kafa akwati gida-gida, akwai babban akwati guda na kowa, kowane gida da ɗan ɗakinsa da makulli. Matsar da tsohon akwati daga mazauninsa shi ma sai da izinin gidan waya.

Bayan an kafa, a bar mana hanya. Motar baƙi ko kwandon shara a gaban akwati, ko tulin dusar ƙanƙara da ba a kwashe ba, na iya sa wasiƙarka ta koma ofis, kuma ta yiwu takardar hukumar shige da fice ce da ka daɗe kana jira. A garuruwa masu sanyi ka tambayi tsarin birninku kan akwatin da motar share ƙanƙara ta karya, don da yawa ba sa biya sai an kafa shi bisa ƙa'ida. Mai son akwati mai kulle ya zaɓi mai bakin da zai ɗauki wasiƙun yini, don ba ma riƙe makullin kowa.

Sai katin suna, na ɗaurin aure ko sanarwar masallaci. Dokar tarayya tun 1934 ta hana saka abin da ba a biya masa kuɗin aikawa ba a cikin akwatin wasiƙu, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 1981. Ko akwatin amininka ne, ka liƙa kan sarki ka aika, ko ka ƙwanƙwasa ƙofa ka miƙa masa hannu da hannu.