DARASI: ƊAN'UWAN DA RANSA KE CIKIN HATSARI

Karatu: I Sarakuna 19:1-8, Ayyukan Manzanni 16:25-34.

'Yan'uwa masu bi na Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa, darasinmu na watan nan a kan wani ciwo ne wanda sau da yawa mukan ce iskoki ne, ko kuwa taurin kai.

Wataƙila kun san irin mutumin nan. Wani lokaci sai ya yi mako guda ba barci, yana surutu ba tsayawa, ya sayar da masararsa tun tana gona, ya rarraba kuɗin. Bayan 'yan watanni kuma sai ya kwanta a ɗaki, ba ya zuwa gona, ba ya zuwa sujada, yana cewa shi ba shi da amfani. Likitoci suna kiran wannan ciwo baifola, watau ciwon hawa da sauka. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, yakan kuwa bi jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 40 ke fama da shi. Hatsarin kashe kai gare su ya ninka na sauran mutane fiye da sau 10.

In giya ta shiga, abin ya ƙara muni. Da yawa sukan sha burukutu domin su sami barci, ko su manta baƙin ciki. Amma giya takan lalatar da barci, ta zurfafa baƙin cikin, ta kuma kawar da tsoron da ke riƙe hannun mutum. Abin da ya daɗe yana tunani, sai ya aikata shi cikin dare ɗaya.

Rashin barci da asara sukan ta da ciwon. Mu kuwa mun san su. Tun kafin a sace 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 2020, mutanenmu da yawa sun kwana a jeji saboda 'yan bindiga, sun rasa shanu da gonaki.

Ku dubi Iliya. Bayan babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Mala'ikan Ubangiji ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Mai tsaron kurkuku na Filibi kuma ya zare takobi zai kashe kansa. Bulus ya ɗaga murya ya hana shi, ya sanar da shi ba wanda ya gudu. A daren nan aka yi wa gidansa duka baftisma.

Me za mu yi?

1. Ku tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, takan sauƙaƙa masa kaya.

2. In ya fara biyan basusuka farat ɗaya, yana ba da kayansa, yana sallama, kada a bar shi shi kaɗai.

3. Ku kwashe maganin ƙwari na gona, da bindigar farauta, ku kulle a wani gida.

4. Ku kai shi asibiti. Daga Funtuwa akwai hanya zuwa asibitin koyarwa na Shika, Zariya, da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna. Akwai magani, litiyam, wanda likita John Cade na Ostareliya ya bayyana amfaninsa a 1949. Yana rage kashe kai, amma sai da awon jini, ba a kuwa yanke shansa sai likita ya ce.

5. Wanda ya saba sha kullum kada ya bari dare ɗaya ba likita, gama yakan jawo rawar jiki da farfaɗiya.

Dattawan ikilisiya, ga kalma gare ku. Daidai ne a hori mashayi. Amma in an dakatar da shi daga jibi, sa'an nan kowa ya janye ƙafa daga gidansa, mun bar shi a sa'ar da ya fi bukatarmu. Ranar da aka yi masa horo, ranar ce ya kamata dattijo ya je ya ci tuwo tare da shi.

Tambayoyi: Me mala'ika ya fara yi wa Iliya? Wane ne ya daina zuwa sujada a ikilisiyarku? Wa zai gaishe shi a makon nan?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka buɗe idanunmu mu ga ɗan'uwan da ya gaji da ransa, ka ba mu ƙarfin zama tare da shi har gari ya waye. Amin.