Uban da ya yi watsi da gida: wa zai sayi likkafaninsa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mu ɗaliban ajin Risala aka ba shafin fiƙihu na bana, sai muka ɗauko wata mas'ala daga babin jana'iza, domin tana nan cikin unguwanninmu. Mutum ya tafi biɗa Libiya ko Abijan ko Legas, shekara biyu ana jin muryarsa a waya, daga nan shiru. Wani kuma yana nan cikin Maradi, ya saki uwar yaran, ya sake aure, ya manta hanyar gidan. Uwar ta yi ta fama da surfe da wankau har suka girma. Ran nan sai a aiko: babanku ya rasu, ku zo. Ɗan ya ce, ni ban san shi yana da rai ba, don me zan san shi yau? To, mene ne hukunci?

Tambayar farko da malaman fiƙihu suke yi ita ce: mamacin ya bar dukiya? In ya bari, daga cikinta ake fitar da kuɗin likkafani da wanka da ɗauka da haƙar kabari. Wannan shi ne kan gaba, ya riga bashi, ya riga wasiyya, ya riga gado. Misali, mutum ya bar jika 300. Jana'iza ta ci jika 30, saura 270. Ana bin shi jika 120, saura 150. In ya yi wasiyya ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, wato jika 50. Jika 100 da suka rage su ne na magada. Kun ga ke nan a nan babu wanda aka ce ya taɓa aljihunsa, mamacin ne ya biya wa kansa. Abin da aka keɓe shi ne kayan da ke hannun jingina, kamar gona: haƙƙin mai jingina a kan wannan abin yana gaba.

Inda maganar take da nauyi shi ne idan ya mutu hannu wofi, kuma haka yawancin irin waɗannan mutuwar suke zuwa. Muhtasar na Shaihu Halilu ya kawo ƙa'idar a taƙaice: likkafanin matalauci yana kan wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa saboda dangantaka. A mazhabarmu ta Malikiyya ciyar da uwa da uba matalauta wajibi ne a kan ƴaƴansu masu hali, maza da mata, kuma maganar da ta fi ƙarfi ita ce a raba musu gwargwadon abin hannun kowa. Mun duba sharuɗɗan da aka gindaya, biyu ne: iyaye su kasance matalauta, ɗa ya kasance yana da abin da ya wuce buƙatarsa da ta iyalinsa. Babu sharaɗi na uku da ya ce sai in uban ya riƙe ka.

Wannan wurin ya ja mu muhawara a aji, don wasunmu sun ga kamar an danne yaron sau biyu. Malam ya ce mu buɗe Suratu Luƙman, aya ta 15. A can ana maganar iyayen da suke matsa wa ɗansu ya yi shirka, wanda babu cutar da ta kai ta. Aka hana shi yi musu biyayya a kan haka, amma aka umarce shi ya zauna da su da kyautatawa a duniya. In shirka ba ta yanke wannan igiya ba, rashin kuɗin cefane ba zai yanke ta ba.

Akwai kuma labarin Abdullahi ɗan Abdullahi ɗan Ubayyu. Ubansa shi ne shugaban munafukan Madina, shi kuwa sahabi ne na ƙwarai. Tsakaninsu ya yi tsami har ya taɓa tsayawa a mashigar Madina ya tare uban, saboda mugun furucin da ya yi kan Manzon Allah (SAW). Amma da uban ya mutu a shekara ta 9 bayan hijira, wannan ɗan ne ya je ya roƙi rigar Annabi don a yi masa likkafani da ita, aka kuma ba shi. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan.

Kada a fahimce mu a karkace. Sayen likkafani ba ya nufin cewa uban bai yi laifi ba. Ciyar da ƴaƴa ƙanana wajibi ne da ya tozarta, kuma zai tarar da hisabinsa a can. Ba a kuma tilasta wa kowa ya yi kuka ko ya tsaya gaban jama'a yana yabon abin da bai gani ba. Yafiya alheri ce babba, amma ta zuciya ce, ana roƙon ta ne. Sutura kuwa haƙƙin gawa ce, ba ta jiran zuciya ta huce. Har ma uwar da ta ciyar da yaran, in ta yi ne da niyyar uban ya biya ta alhali yana da hali, tana iya kai maganarta gaban alƙali ko malamin da zai raba gado, a duba ta cikin basussuka. Sai dai bayan an rufe shi.

To in ɗan ma ba shi da ko dala? Babu komai a kansa. Nauyin ya koma baitulmali, in babu shi ya koma kan jama'ar Musulmi, farilla ce ta kifaya. Abin da muke gani ke nan idan liman ya yi sanarwa bayan salla, aka haɗa kuɗi nan take.

Wani abu da muka lura shi ne, sau da yawa ba likkafanin ne ke firgita mutane ba, abin da al'ada ta ɗora a kai ne: rumfa da kujeru, buhun shinkafa, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Ko ɗaya ba ya cikin abin da muka ce ya wajaba. Wajibin likkafani ƙyalle ɗaya ne mai rufe jiki, ƙari zuwa uku ko biyar mustahabbi ne. Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya tashi cikin gata a Makka, da mayafi guda aka binne shi a Uhudu, in an rufe kai ƙafafu su fito, sai aka rufe ƙafafun da ciyawar izhiri. Batun abinci kuwa, da Ja'afaru ya yi shahada a Mu'uta, Annabi (SAW) cewa ya yi a dafa wa iyalinsa a kai musu. Mu yanzu mun juya abin, gidan mutuwa ne ke ciyar da gari. Haram ne ma a taɓa rabon marayu ƙanana don irin wannan hidima.

Haka wanda ya rasu a wata ƙasa, ba dole ba ne a ɗauko gawa, a binne shi inda ajali ya same shi. In mutanen can sun yi hidimar don Allah, sai godiya da addu'a. In wani ya biya da niyyar a mayar masa, to a mayar masa daga abin da mamacin ya bari kafin a yi maganar rabo.

Wannan hukunci na ƙarshe ya shafi ɗan shi ma. Sau da yawa kuɗin mamaci suna hannun wani, ko dukiyar dabbobi ce da hatsi, jana'iza kuwa ba ta jira. Ɗan da ya fitar daga aljihunsa yana da damar karɓar abinsa daga dukiyar. Sai dai ya faɗi niyyarsa gaban mutum biyu tun kafin ya biya, ya rubuta abin da ya kashe, kuɗin yadi da na masu haƙa da na mota, ya damƙa takardar hannun liman ko babban gidan.